Ciwon kai mai zuwa da agogonsa: yadda ake gane shi da maganin da ke kama shi

Ƙarfe biyu na dare, gari ya yi tsit, sai magidanci ya zabura daga barci kamar an soka masa ƙarfe mai zafi cikin ido. Idon ya kaɗa ya yi ja yana zubar da hawaye, ƙofar hancin wannan ɓangare ta toshe, fatar idon ta sauko. Kwanciya ta gagara, zama ya gagara. Sai kai-komo a tsakar gida riƙe da kai, wani lokaci har da buga goshi a bango. Bayan minti 45 ko awa guda, abin ya sake shi kamar an ɗauke da hannu. Washegari, ƙarfe biyun nan dai, ya dawo.

Iyalin da suka ga haka sukan ce iska ce, ko jifa. Wasu su ɗora laifin ga haƙori ko ga mura. Amma ciwon yana da suna a littattafan likitanci. A Nijar da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci, likitoci na rubuta shi da sunan algie vasculaire de la face, a taƙaice AVF. Yana cikin ciwace-ciwace mafi zafi da aka sani ga ɗan Adam, kuma yana da magani, sai dai ba irin wanda aka saba saye a bakin hanya ba.

Mene ne AVF?

Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 1000 ne ke fama da shi. Ya fi kama maza, kuma yakan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40, amma mata ma suna yin shi, kuma su aka fi daɗewa ba a gano nasu ba.

Zafin yana tsayawa a ɓangare ɗaya na fuska, cikin ido ko bayansa ko gefen goshi. Kowane tashi yana ɗaukar minti 15 zuwa awa 3. Yana iya zuwa sau ɗaya a kwana biyu, yana iya zuwa har sau 8 a rana guda. Abin da ya fi bambanta shi da sauran ciwon kai shi ne tsarinsa: yakan zo kullum na tsawon makonni ko wata biyu zuwa uku, sau da yawa a lokaci guda na dare, sannan ya ɓace watanni ko shekaru, har mutum ya manta da shi. Ga mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon kuwa, babu wannan hutu mai tsawo, haka suke fama shekara ta zagayo.

Akan rikita shi da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migren. Mai migren yana neman ɗaki mai duhu ya kwanta shiru, kuma ciwon na iya kai shi kwana ɗaya zuwa uku. Mai AVF ba ya iya natsuwa wuri guda, ciwonsa gajere ne amma ya fi tsanani nesa ba kusa ba.

Tun shekarar 1939 wani likita ɗan Amurka, Bayard Horton, ya yi cikakken bayanin ciwon. A 1998 kuma, masu bincike a birnin Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a daidai lokacin da ya tashi, suka ga wani ɗan wuri da ake kira hipotalamus yana aiki fiye da kima. Wannan wuri shi ne agogon jiki, mai tsara barci da farkawa. Shi ya sa ciwon ba ya saɓa alkawari. Zafin kansa yana bin babbar jijiyar da ke ɗauke da jin fuska. Lafiyar ido da haƙori lau take, don haka cire haƙori ba ya raba mutum da shi, kuma da yawa sun rasa haƙoransu a banza kafin a gane gaskiya.

Me ya sa ƙwayoyin da aka saba ba sa aiki?

Ƙwayar da aka haɗiya tana bukatar rabin awa ko fiye kafin ta shiga jini sosai. AVF kuwa cikin ƴan mintuna yake kai ƙololuwa. Kafin farasitamol ko ibuprofen su fara aiki, ciwon ya gama ɓarnarsa, kuma ko sun shiga ba su da ƙarfin tare shi. Idan ya lafa da kansa, sai mutum ya zaci ƙwayar ce ta yi, gobe ya ninka.

Haɗari mafi girma a garuruwanmu shi ne tramol. Mai neman sauƙi ko ta halin ƙaƙa yana iya faɗawa hannun masu tallar magani a tire. Tramol ba ya tsayar da wannan ciwo. Abin da yake bari shi ne sabo, da farfaɗiya idan an sha da yawa. A ƙarshe mutum ya tashi da ciwo biyu maimakon ɗaya.

Maganin da ke kashe ciwon idan ya tashi

Na farko shi ne iskar oksijan tsantsa. Ana shaƙar ta daga tukunyar oksijan ta asibiti, lita 12 zuwa 15 a minti, ta abin rufe hanci da baki mai ƴar jaka a ƙasa, na tsawon minti 15 zuwa 20, a zaune an ɗan sunkuya gaba. Wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2009 ya nuna cewa oksijan ta kawo sauƙi cikin minti 15 a kashi 78 cikin 100 na tashin ciwon, yayin da iskar gari ta yi haka a kashi 20 kacal. Ana iya maimaita ta sau da yawa a rana. Mai tsohon ciwon huhu ne kawai sai ya sanar da likita tukuna.

A nan akwai abin lura biyu. Ƴan bututun da ake saƙalawa a hanci ba sa isar da iskar da ake bukata. Haka ƙananan injunan tace oksijan masu aiki da lantarki, yawancinsu lita 5 suke bayarwa a minti, ba su kai ba. Idan an gwada da irin waɗannan aka ce oksijan ba ta yi ba, to ba a gwada yadda ya kamata ba.

Na biyu shi ne allurar sumatriptan mai miligiram 6, wadda mai ciwon ke yi wa kansa ƙarƙashin fata. A gwajin da aka buga a 1991, kusan uku cikin huɗu na tashin ciwon sun lafa cikin minti 15. Ba a wuce allura 2 cikin awa 24. Ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a daidaita ba. Akwai kuma na fesawa a hanci, sumatriptan ko zolmitriptan, amma bai kai allurar sauri ba. Magungunan nan suna da tsada, kuma ba kowace farmasi ke ajiye su ba, don haka gara a nema tun kafin lokacin ciwon ya zagayo.

Maganin da ke rage zuwan ciwon

Da zarar makonnin ciwo sun kama, likita yakan fara maganin riga-kafi. Wanda aka fi dogara da shi shi ne verapamil, wanda asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne. Akan fara da kusan miligiram 240 a rana, a ƙara sannu a hankali. Saboda yana iya rage bugun zuciya, dole a yi awon zuciya na ECG kafin a fara da kuma duk lokacin da za a ƙara. Ba maganin da maƙwabci zai ɗiba wa maƙwabci ba ne.

Verapamil yakan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ya kama jiki. Kafin nan likita na iya ba da kortizon na ƴan kwanaki, a yi ta ragewa har a daina, ko ya yi allura a ƙeya kusa da jijiyar bayan kai. Kortizon yana aiki da sauri, amma daɗewa a kansa yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma cinye ƙashi.

Ga masu ciwon da ba ya hutu akwai litiyom. Yana bukatar awon jini a kai a kai don duba ƙoda da maƙoshi. A ƙasa mai zafi irin tamu sai an ƙara kula: yawan gumi, zawo ko rashin shan ruwa na sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Wanda ke kan shi ya tattauna da likitansa kafin zafin Afrilu da Mayu, da kuma kafin azumi.

Akwai sabuwar allura mai suna galcanezumab da Amurka ta amince da ita a 2019, amma hukumar magunguna ta Turai ba ta karɓe ta don wannan ciwo ba, kuma kuɗinta sun fi ƙarfin talaka.

Abin da masu ciwon suka koya wa juna

A Faransa, Ingila da Amurka masu AVF sun kafa ƙungiyoyi, kuma ranar 21 ga Maris ta kowace shekara ce ranar wayar da kai a kansa. Shawarwarin da suke ba juna ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko, a riƙe ɗan littafi. A rubuta rana, lokacin da ciwon ya fara, mintunan da ya ɗauka, ɓangaren da ya kama da abin da aka sha. Babu awon jinin da ke nuna AVF, daga labarin mai ciwo likita ke gane shi. Tun da wuya ciwon ya tashi a gaban likita, wani a gida ya ɗauki hoton fuskar da salula lokacin da idon ya yi ja. Littafi da hoto sun fi dogon bayani.

Na biyu, kada a jira. Oksijan ko allura sun fi aiki idan an yi su a mintunan farko. Kayan su kwana kusa da shimfiɗa. Wanda ba shi da tukunya a gida ya roƙi likitansa ya rubuta masa takarda mai ɗauke da sunan ciwon da yawan litar da ake bukata, ya kai ta gidan likita mafi kusa tun da rana, ya yi magana da ma'aikatan. Ƙarfe biyu na dare ba lokacin bayani ba ne.

Na uku, a san abin da ke tsokanar shi. A makonnin ciwo, giya ko kaɗan ce tana tayar da shi cikin awa guda. Wasu warin man fetur, fenti ko turare mai ƙarfi ke taso musu da shi, wasu barcin rana ko sauya lokacin kwanciya. Yawancin masu ciwon mashaya taba ne. Barin ta ba ya warkar da ciwon nan take, amma yana kare zuciya, wadda ita ce sharaɗin samun sumatriptan. Sannan taba, gawayi ko murhun shayi ba sa haɗa ɗaki da tukunyar oksijan.

Wasu suna samun ɗan sauƙi da ƙanƙara a gefen goshi ko ƙeya, ko iska mai sanyi a fuska, ko shan kofi mai ƙarfi da sauri a farkon tashin. Waɗannan dabarun masu ciwo ne, suna yi wa wani su ƙi wani, kuma ba sa maye gurbin magani. Direba ko ɗan kabu-kabu da ya ji alamar farko ya sauka gefen hanya.

Ga iyali kuma

Mai AVF ba ya son a taɓa shi ko a yi ta tambayarsa lokacin da abin ya tashi. Kada a danne shi, kada a tilasta masa kwanciya, kada a turara masa hayaƙi. A janye yara, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a miƙa masa maganinsa, a zauna kusa. Addu'a tana da wurinta, kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Akwai maganar da ba a son faɗa amma dole a faɗe ta. Zafin ciwon da tsoron dawowarsa suna kai wasu ga tunanin raba kansu da duniya. Duk wanda ya furta haka, ko cikin raha, a ɗauki maganarsa da gaske. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Wanda ke jin haka a ransa shi ma ya faɗa wa wanda ya yarda da shi. Tashin yana wucewa, makonnin ma suna wucewa.

Lokacin da ba a jira

Ba kowane ciwon kai mai tsanani ne AVF ba. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya na iya zama sanƙarau, musamman a rani. Wanda ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, rikicewar magana ko suma, ko jan ido da dushewar gani, na gaggawa ne, a wuce asibiti kai tsaye. Ko ga wanda alamunsa suka yi daidai da AVF, likita yakan nemi hoton ƙwaƙwalwa sau ɗaya don tabbatar da cewa babu wani abu a ɓoye.

Likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa ba su da yawa a Nijar, kuma mafi yawansu suna manyan asibitocin Yamai. Amma mutumin Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba sai ya fara da doguwar tafiya ba. Ya fara da likitan da ke kusa, ya je da littafinsa da hotonsa, ya ambaci sunan ciwon, ya tambaya ko shi ne. Daga nan ake samun takardar turawa gaba, kuma daga nan ake daina sayen maganin da ba na ciwon ba.