Kalmomin Ɗanɗano da Tsimin Hatsi: Daga Beljiyam Zuwa Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa Hausa tana da isassun kalmomin bayyana ɗanɗanon abin sha na hatsi, har ma irin wanda Musulmi ba ya sha. Za a ɗauki misali daga giyar nan ja ta gidajen ibadar Kirista na Beljiyam, irin su Chimay, inda aka fara dafa ta a 1862.

2.0 Matakan Ɗanɗanawa

Ana yin wannan giya da tsiron sha'ir. Masu ɗanɗana ta sukan fara da duban launi, sa'an nan su sansana, kana su kurɓa. Jan launin daga gasa tsiron yake fitowa. A nan Bahaushe zai ce akwai gardi, in kuwa wuta ta zarce sai ya ce ƙauri. Ƙanshinta mai kama da na nunannun 'ya'yan itace aikin yisti ne. Ɗacinta kuwa, wanda mutumin Gwandu ko Kalgo zai kira ɗwaci, daga furen wani tsiro ne mai yaɗo da ake zubawa lokacin tafasa. Abin da ke ɗaure harshe bayan an haɗiye shi ne bauri, kamar na ɗanyen ɗan itace.

Burukutun da ake yi da dawa a ƙasar Zuru bai san wannan fure ba, don haka tsami ne ya rinjaye shi, ba ɗaci ba.

3.0 Iyakar Halal da Haram

Jiƙa hatsi ya tsira shi ke juya garinsa ya zama zaƙi, kuma wasu masu kunun zaƙi da irin wannan tsiro suke zaƙaƙa kununsu. Bambanci yana zuwa ne daga baya: in aka bar shi ya daɗe, yisti ya cinye zaƙin, sai kumfa ta taso, maye ya shigo. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Gwandu, garin da Shehu Usmanu ya sauka a 1805, ta bayyana cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, har ta kawo hani game da yin tsimi a cikin duma, domin yana saurin juyawa. Saboda haka macen da ta kurɓi kunun jiya ta ce "ya juya", hukunci ta yanke da harshenta.

4.0 Kammalawa

Abin damuwa shi ne ɗalibai da yawa sun taƙaita ga "daɗi" da "ba daɗi". In gardi da bauri da galmi da lami suka faɗi daga bakin yara, mai fassara zai koma ara, alhali kuwa rumbunsa cike yake. Ya kamata malaman Hausa su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin mata tun suna raye.