Lambun Sarkin Ingila da ba a zuba masa taki

In aka ce lambun gidan sarauta, za ka zaci furanni ne jere reras, an aske ciyawa ƙwal. A Highgrove, gidan karkara da Sarki Charles na Ingila ke zuwa hutawa kusa da garin Tetbury, akwai fili mai faɗin eka 4 da aka bar wa furannin daji su yi yadda suka ga dama.

A 1980 ya samu gidan, yana yarima. A 1982 aka fara shuka filin da taimakon Miriam Rothschild, wata masaniyar ƙwari da tsirrai. Dalilin kuwa babba ne. Tun daga shekarun 1930, Birtaniya ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan filaye, saboda garma da takin zamani da maganin ciyawa. Da furannin suka ɓace, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suka rasa abinci, alhali su ne ke kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan har a samu 'ya'ya.

Sharaɗi na farko a irin wannan lambu shi ne kada a zuba taki. Idan ƙasa ta yi ƙarfi, ciyawa ce ke tashi ta danne furanni. Don a rage mata ƙarfi, akwai wani tsiro mai rawayan fure da ke manne wa saiwar ciyawa yana tsotse ta. Danginsu ɗaya da ƙuduji, wanda ke kashe dawa da gero a gonakinmu. Abin da manominmu ke kuka da shi, ɗan uwansa ne ke gadin furanni a can.

Ba a yankan filin sai ƙarshen lokacin zafi, bayan furanni sun zubar da iri. A kwashe ciyawar duka don kada ta ruɓe ta zama taki, sannan a saki tumaki su yi kiwo, kofatansu na tura irin cikin ƙasa. Haka ake yi kowace shekara, kuma sai an ɗauki shekaru kafin fili ya cika da furanni.

A 2013 Charles ya ƙaddamar da shirin samar da irin wannan fili a kowace gunduma ta Birtaniya, don cikar shekara 60 da naɗin Sarauniya Elizabeth.

Ku ma kuna iya gwadawa. Ku nemi izinin shugaban makaranta a ware muku wani lungu nesa da ajujuwa, a share kewayensa saboda macizai. Da kaka ku tara irin tafasa da rai-ɗore, ku watsa da ruwan farko, ku riƙa rubuta ƙwarin da ke zuwa. Ƙuduji dai kada wanda ya kawo shi!