Kifi mai haihuwa: kiwon gupi a gida da kalmomin da suka dace da shi

1. Gabatarwa

A Hausa, kaza takan saka ƙwai ta ƙyanƙyashe, akuya kuwa takan haihu. Kifi dai mun saba sanya shi a rukunin masu ƙwai. Gupi ya saɓa wa wannan rabo, kuma daga nan ne ka'idojin kiwonsa suka taso. Wannan shi ne abin da za mu bayyana a nan.

2. Asali da suna

Gupi ɗan ƙaramin kifi ne na ruwan daɗi. Asalinsa arewa maso gabashin Amurka ta Kudu, wato Benezuwela, Guyana da tsibirin Tirinidad. Wilhelm Peters ne ya fara siffanta shi a 1859. Masana suna kiransa Poecilia reticulata. Sunan gupi ya fito ne daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa Landan daga Tirinidad a 1866. Namiji bai cika wuce santimita 3,5 ba, amma ya fi launi. Tamace takan kai santimita 6.

3. Haihuwa ko ƙyanƙyasa?

Da Faransanci ana ce masa «ovovivipare». Ma'ana, ƙwan yana zama cikin uwa, ɗan yana ci daga gwaiduwarsa, sa'an nan ya fito da rai yana iyo. Ke nan ƙyanƙyasa a ciki take, haihuwa a waje. Mun zaɓi «kifi mai haihuwa» domin shi ne abin da idon mai kiwo yake gani.

Cikin yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30. Tamace tana ajiye maniyyin namiji watanni, saboda haka takan sake haihuwa ko an raba su. Matsalar ita ce manya suna cinye ƙananan, har uwar kanta. Sai a sa ciyayin ruwa masu duhu inda za su ɓuya, ko a kwashe su zuwa wani mazubi. A haɗa namiji ɗaya da mata 2 ko 3, don kada naci ya gajiyar da tamace guda.

4. Ruwa da abinci

Akwatin gilashi mai lita 40 ya isa ƙaramin garke. Ruwan pampo yana da kulor mai ƙona matsefatan kifi. A bar shi ya kwana a buɗe, ko a zuba maganin da ke kashe kulor. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniyak, guba ce; ƙwayoyin halitta da ke cikin matata su ne suke sauya ta, kuma sai sun yi makonni kafin su kafu. Don haka ba a cika sabon akwati da kifi rana ɗaya, ba a kuma sauya ruwa duka: kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako ya wadatar.

Zafin da ya dace digiri 22 zuwa 28 ne. A Maradi ko Damagaram, bazara takan zarce haka, ruwa mai zafi kuma iskarsa kaɗan ce. A nisanta akwatin da rana, a motsa saman ruwa. Da hunturu, sanyin dare ne abin tsoro. Abinci kuwa kaɗan, sau biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu.

5. Kammalawa

An kai gupi ƙasashe da yawa don ya ci tsutsotsin sauro, amma a wurare da dama ya takura wa kifayen gida. Tun da mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya, kada a zuba rarar kifi a tabki ko gulbi. A ba wani mai kiwo.