Sakin talala: Yadda karya sharaɗi ke cinye rangwamen da fursuna ya tara

A ƙasashe da dama, fursuna ba ya cika dukan wa'adin da kotu ta yanke masa a bayan kanta. Hanyoyi biyu ne ke rage zaman: rangwamen kwanaki saboda kyawun hali, da kuma sakin talala, wato a bar mutum ya ƙarasa wa'adinsa a cikin jama'a bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai duka biyun tamkar aro ne, domin hukuma na iya karɓe su idan aka saɓa ƙa'ida.

A gidajen yarin gwamnatin tarayyar Amurka, fursunan da aka yanke wa fiye da shekara ɗaya zai iya samun rangwamen kwana 54 a kan kowace shekara ta hukuncinsa. Wata doka da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a Disamban 2018 ta ƙara wani rangwamen na kwana 10 zuwa 15 a kan kowane kwana 30 da fursunan da ya cancanta ya yi a shirye-shiryen gyaran hali. Gwamnatin tarayyar ta soke sakin talala ga laifukan da aka aikata daga Nuwamban 1987, amma jihohi da yawa suna ci gaba da amfani da shi.

Sharuɗɗan sakin sun haɗa da kai kai wurin jami'in sa ido a kan lokaci, da zama a adireshin da aka amince da shi, da nisantar miyagun ƙwayoyi da makamai. Saboda haka ba sai mutum ya aikata sabon laifi ake mayar da shi kurkuku ba. Sauya gida ba tare da izini ba ma na iya jawo hakan.

Jihar Texas na cikin wuraren da dokar ta fi tsanani. Da zarar an soke sakin mutum, duk rangwamen da ya tara kafin fitarsa ya zube. Idan kuma laifinsa na asali yana cikin manyan laifukan da doka ta lissafa, lokacin da ya yi a waje ma ba za a ƙirga masa ba. Alal misali, wanda aka yanke wa shekara 10, ya fito bayan shekara biyar, ya yi shekara uku a gari sannan ya karya sharaɗi, zai koma da bashin shekara biyar cif, ba biyu ba. Hukuncin shekara 10 ya zama 13 ke nan a ƙarƙashin ikon hukuma.

Girman wannan asara ne ya sa Kotun Ƙolin Amurka ta gindaya iyaka. A shari'ar Morrissey ta 1972 ta yanke cewa ba za a soke sakin talala ba sai an sanar da mutum zargin a rubuce, an nuna masa hujjojin, an ba shi damar kare kansa da kawo shaidu a gaban masu sauraro marasa son kai. A shari'ar Wolff ta 1974 kuma ta ce kafin a ƙwace rangwamen fursuna dole a ba shi sanarwa aƙalla awa 24 kafin zama, a kuma rubuta masa dalilan hukuncin. Duk da haka, hujjar da ake buƙata a irin wannan zama ba ta kai wadda ake nema a shari'ar laifi ba.

A Najeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta bai wa kotu ikon dakatar da sauran wa'adin fursuna mai kyawun hali wanda aka yanke wa shekara 15 ko fiye, idan ya cika kashi ɗaya cikin uku kuma shugaban hukumar gidajen yari ya ba da shawarar hakan. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ɗora wa hukumar aikin sa ido a kan waɗanda aka saka. Ga fursuna da iyalinsa, abin lura shi ne: takardar sharuɗɗan da ya sa wa hannu ranar fita ita ce ke riƙe da 'yancinsa har ranar da wa'adin ya cika.