Zuma ta sauka a reshe: gaskiya da ƙarya a maganganun kamun ƙudan zuma

Duk unguwar da gungun ƙudan zuma ya sauka a reshen mangwaro, ya dunƙule kamar ƙwarya, kafin awa guda za ka ji shawara iri goma. Wani ya ce a kawo wuta, wani ya ce a buga kwano, wani ya ce a nemo sarkinsu. Mai kiwon zuma don sha'awa yana buƙatar tace waɗannan maganganu, domin wata tana da tushe, wata kuwa gado ce kawai aka ci ba a bincika ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne dalilin fitowarsu. Idan furanni suka wadata, gida ya cika ya yi musu kaɗan, sai tsohuwar uwa ta fita da kusan rabin ma'aikata, a bar sabuwa tana girma a gida. Dunƙulen da ake gani a reshe zango suka yada, daga 'yan awoyi zuwa kwana biyu ko uku, kafin su sami mazauni.

"Faɗa suka zo yi"

Ba haka ba ne. Kafin su fito sukan cika cikinsu da zuma, kuma a reshe ba su da saƙa ko 'ya'yan da za su kare, shi ya sa wannan ne lokacin da suka fi laushi. Sai dai kada a wuce gona da iri. Gungun da ya kwana biyu a waje guzuri ya ƙare yakan yi zafin rai, kuma zumar Afirka ta Yamma ta fi ta Turai saurin harbi. Hotunan Turawa masu ɗibar zuma da hannu tsirara ba abin koyi ba ne a nan. A rufe fuska da raga, a sa safar hannu, a janye yara da dabbobin da aka ɗaure.

"Sarkinsu ne ke ja musu gaba"

Kuskure biyu ne a nan. Wanda ake kira sarki mace ce, aikinta saka ƙwai, kuma ba ita ke zaɓen gida ba. 'Yan leƙen asiri ne, 'yan ɗaruruwa daga cikin dubbai, suke zagayawa suna duba koguna. Duk wadda ta ga wuri mai kyau sai ta dawo ta yi rawa a bayan dunƙulen, rawar da ke nuna shiyya da nisa. Karl von Frisch ne ya warware ma'anar wannan rawa, ya sami lambar Nobel a 1973. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa gardama suke yi da rawar har ra'ayi ya taru a wuri guda, kuma zumar da ya bincika ta fi son rami mai cin kamar lita 40, mai ƙaramar ƙofa, can sama nesa da ƙasa. Masu rataye amya a kan ɗorawa da tsamiya sun riga sun gane batun tsayin tun kaka da kakanni.

"Buga kwano ke saukar da su"

Babu hujja. Al'ada ce da Turawan da ma suka daɗe suna yi. Gungun da ya fito daga gida zai sauka kusa ko an buga ko ba a buga ba, sai mai kwano ya ɗauki yabon.

"Ƙamshi yana jawo su cikin amya"

Wannan gaskiya ne. Shafa kakin zuma a cikin akwati da bakin ƙofa yana jawo 'yan leƙen asiri, kuma akwatin da zuma ta taɓa zama a ciki ya fi sabo kamu. Ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafa shayi da ita ma tana aiki, domin ƙamshinta ya yi kama da wanda ma'aikata ke fitarwa suna kiran 'yan uwansu. Kaɗan ake shafawa. Amma zuba zuma ko sukari a akwatin da babu kowa gayyatar tururuwa ce.

"In uwar ta shiga, sauran za su bi"

Gaskiya ne, kuma a kansa aikin kamu ya ginu. A shimfiɗa farin zane a ƙasa, a riƙe akwati ko kwali a ƙarƙashin dunƙulen, a girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi. A rufe, a bar ƙofa a buɗe. Idan wasu suka tsaya a bakin ƙofa suka ɗaga gindi suna fifita da fikafikai, saura kuma na tururuwar shiga, alama ce uwar tana ciki. In suka rinƙa komawa reshe, tana can, sai a sake. A jira magariba masu yawo su dawo, sannan a ɗauke.

"Da sun shiga akwati an gama"

Nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin asara. Zumarmu ta shahara da gudu: zafin rana, tururuwa, warin fenti ko yawan buɗe akwati na iya sa su tattara su tafi gaba ɗaya. A ajiye su a inuwa, a shafa man giris a ƙafafun mazaunin, a tanadi ruwa kusa, a ƙyale su mako guda. Mai wani akwatin da ke da lafiya zai iya sa musu saƙa guda mai ƙwai da tsutsa, don da wuya su bar jarirai.

"Wadda ta yi harbi mutuwa take yi"

Gaskiya ne idan mutum ta harba, domin ƙarin yana maƙalewa a fata ya fizge cikinta. A kankare shi nan take, a busa hayaƙi a wurin, saboda warinsa na kiran wasu. Kumburi da zogi a wurin ba abin tsoro ba ne. Sarƙewar numfashi, kumburin leɓe da maƙogwaro ko jiri kuwa, asibiti za a nufa ba jira.

Mai kiran a kawo wuta ko maganin ƙwari ya sani cewa baƙi ne masu tafiya da kansu. Amma wanda ya gan su a rufin ɗakinsa suna shiga suna fita da garin fure a ƙafa, wannan ba zango ba ne, sun riga sun tare, kuma cire su aikin gwani ne.