Faɗuwar Gwanaye a Zagayen Farko na Gasar Wimbledon: Me Sakamakon Yake Nunawa?

A gasar ƙwallon tanis ta Wimbledon ta shekarar 2025, huɗu daga cikin gwanaye goman farko na ɓangaren maza da huɗu daga na mata ba su tsallake zagayen farko ba. Cikinsu har da Coco Gauff ta Amurka, wadda makonni uku kafin nan ta ɗaga kofin gasar Faransa, amma Dayana Yastremska ta Yukren ta sallame ta. Haka Alexander Zverev na Jamus ya sha kaye a hannun Arthur Rinderknech. Masu sharhi kan kira irin wannan sakamako ba-zata. Wannan maƙala tana ganin kalmar ba ta cika dacewa ba, domin akasarin faɗuwar tana da dalilai da ake iya hangowa tun kafin a shiga fili.

Dalili na farko yana cikin tsarin jadawalin. 'Yan wasa 128 ne ke shiga kowane ɓangare, kuma tun 2001 ake ware 32 a matsayin zaɓaɓɓu, a rarraba su yadda ba za su gamu da juna ba sai a zagaye na uku. Sauran ƙuri'a ce ke haɗa su. Ana zaɓen ne bisa jerin gwanayen duniya, wanda ke tara makin makonni 52. To amma mafi yawan makin nan a kan daɓe da jar ƙasa ake samunsu, saboda kakar ciyawa ba ta wuce 'yan makonni a watannin Yuni da Yuli. Ke nan matsayin ɗan wasa shaida ce ta ƙwarewarsa a wasu filayen daban. Hukumar gasar ta san da wannan giɓi, shi ya sa daga 2002 zuwa 2019 take ƙara wa maza maki bisa abin da suka taɓuka a kan ciyawa. Daga 2021 ta yi watsi da tsarin. A ganina wannan ya sauƙaƙa lissafi, amma ya rage wa jerin zaɓaɓɓun gaskiya.

Sai kuma ita kanta ciyawar. Ana aske ta daidai milimita 8, kuma a ranakun farko tana nan shar da danshinta. Ƙwallo ba ta tashi sama idan ta bugi ƙasa, zamewa take yi, ta iso wa ɗan wasa ƙasa-ƙasa da sauri. Wanda ya saba ja da baya a kan jar ƙasa, ya jira ƙwallo ta taso masa daidai ƙugu, sai ya tarar lokacin ya kuɓuce masa. Ga santsi, ga durƙuso mai cin gwiwa. Kafin mako na biyu ƙafafu sun cinye ciyawar bakin layin baya, ƙasa ta bushe, ƙwallo ta fara tashi. Wato filin da ake buga zagayen farko a kansa ba shi ne filin wasan ƙarshe ba, ko da kuwa wuri ɗaya ne. Rafael Nadal ya ɗanɗana wannan a 2013: makonni biyu bayan ya ci kofin Faransa karo na takwas, Steve Darcis na Beljiyam, mai matsayi na 135 a duniya, ya fitar da shi a zubi uku a jere. Tun 2015 aka mayar da tazarar gasannin biyu makonni uku, sai dai labarin Gauff ya nuna ƙarin makon bai kashe matsalar ba.

Wanda ciyawa ta fi yi wa rana shi ne mai ƙarfin bugun buɗe wasa. Idan karɓe bugun abokin karawa ya yi wuya, zubi yakan ƙare ne a bugun raba-gardama, inda maki biyu ko uku ke yanke hukunci, kuma a nan ratar da ke tsakanin gwani da na ƙasa da shi takan ƙanƙance. A 2003 Lleyton Hewitt, mai riƙe da kofin, ya ci zubin farko 6-1 a kan Ivo Karlović na Kuroshiya, dogon da ya haura mita biyu, wanda sai da ya bi ta wasannin share fage kafin ya shigo gasar. Karlović ya ƙwace zubi na biyu a raba-gardama, ya haɗa da sauran biyun. Kafin Hewitt, Manuel Santana kaɗai ne namiji mai riƙe da kofi da ya faɗi haka, a 1967. A ɓangaren mata an ga irinsa ga Steffi Graf a 1994 da Markéta Vondroušová a 2024.

Wani lokaci ma nasarar zagayen farko ba ta da maraba da faɗuwa. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun shafe sa'o'i 11 da minti 5 cikin kwana uku, zubin ƙarshe ya tashi 70-68, kowannensu ya kasa karɓe bugun ɗan'uwansa. Isner ya yi nasara, amma washegari ya fito a gajiye, Thiemo de Bakker ya kawar da shi cikin sauƙi. A 2019 aka sanya raba-gardama idan zubin ƙarshe ya kai 12-12, sannan daga 2022 aka dawo da ita 6-6, wanda ya fara kai maki goma da ratar biyu ya wuce.