Ayarin Ƙananan Jirage a Kan Gaɓar Sahara

A kudancin Maroko, inda rairayin Sahara yake gangarowa har ya taɓa Tekun Atlantika, akwai wani ƙaramin garin masunta da ake kira Tarfaya. Iska ba ta hutawa a can, kullum cikin turo yashi take har cikin tituna. A gefen garin akwai wani tsohon filin saukar jirgi wanda kusan duk shekara shiru yake yi. Amma idan aka shiga watan Satumba ko Oktoba, sai a share masa yashi, domin baƙi na tafe: ƙananan jirage masu farfela ɗaya, irin su Cessna da Piper da Robin, su sauko ɗaya bayan ɗaya har su jeru wajen ashirin ko fiye.

Waɗannan su ne mahalarta gangamin jirage na Toulouse zuwa Saint-Louis, wanda aka fara a 1983. Suna tashi daga kudancin Faransa, su bi gaɓar Sifaniya, su tsallaka mashigin Jibralta, su ratsa Maroko da Yammacin Sahara da Muritaniya har arewacin Senegal, sannan su juyo. Zuwa da dawowa kusan kilomita 10,000 ne, a cikin kamar mako biyu. Yawancinsu ba matuƙan kamfani ba ne. Mutane ne masu sana'o'insu daban, da suka koyi tuƙi a kulob don sha'awa, wasu da jirginsu, wasu kuma sun haɗa kuɗi sun ɗauko hayar na kulob.

Hanyar da suke bi tsohuwa ce. A ƙarshen 1918 wani mai masana'anta a Toulouse, Pierre-Georges Latécoère, ya fara kamfanin kai wasiƙu ta sama da ragowar jiragen Yaƙin Duniya na Farko. A 1919 wasiƙu suka fara isa Maroko, a 1925 aka buɗe zangon Kasablanka zuwa Dakar, kusan kilomita 2,800, mafi yawansa hamada. Kamfanin ne daga baya ya zama Aéropostale. Jirgin da suka fi amfani da shi a shekarun farko, Breguet 14, mai fiffike hawa biyu ne, matuƙi yana zaune a buɗe iska na dukansa, injin kuma yakan mutu babu sallama.

Idan injin ya mutu, jirgin yakan sauka ne a ƙasar mutanen da ba su gayyace shi ba. Makiyayan yankin suna cikin turjiya ga mamayar Faransa da Sifaniya a lokacin, kuma ba abin mamaki ba ne da suka ɗauki jirgin Bature a matsayin na abokin gaba. A 1926 aka kama matuƙin kamfanin Jean Mermoz, sai da aka biya kuɗin fansa aka sako shi. A ƙarshen wannan shekara aka kashe wasu ma'aikatan kamfanin uku. A 1928 wasu ma'aikatan biyu, Marcel Reine da Édouard Serre, suka yi kusan wata huɗu a hannu. Saboda irin wannan haɗari ne kamfanin ya riƙa tura jirage bibbiyu a zangon hamada. In ɗaya ya lalace, ɗan'uwansa ya sauka kusa da shi, ya kwashi mutum da buhunan wasiƙu. Ana kuma ɗaukar tafinta ɗan ƙasa, ya zauna a cikin buhuna. Tarfaya, wadda Turawa suke kira Cap Juby a da, tana cikin manyan zangunan, kuma daga 1927 Antoine de Saint-Exupéry ne shugaban filin, aikinsa ya haɗa da nemo abokan aikin da suka faɗa hamada. A nan ya rubuta littafinsa Courrier Sud. Tun 2004 akwai ɗan gidan tarihi da sunansa a garin.

Duk wanda ya san ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadez zuwa Bilma ya riga ya fahimci hikimar: ba a shiga hamada a ɗaiɗai, kuma akwai madugu da ake jin maganarsa. Jiragen farko da suka iso Kano ma a jere suka zo. Jirage uku ne na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga kusa da Alƙahira, suka biyo ta Khartum da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925.

Abin da ke samun mai tafiya shi kaɗai kuwa, labarin Bill Lancaster ya isa misali. A watan Afrilu na 1933 ya taso daga Ingila shi kaɗai da ƙaramin jirgi, yana son ya riga kowa saurin isa Cape Town. Ya bar Reggane a Aljeriya da yamma ya nufi Gao, injin ya tsaya, jirgin ya kife a hamadar Tanezrouft. Bai mutu a faɗuwar ba. Kwana takwas ya yi a ƙarƙashin fiffike yana shan ruwa kaɗan-kaɗan yana rubuta abin da ke faruwa, masu nemansa kuma suna duba wani wuri daban. Sai a Fabrairun 1962 sojan Faransa suka ci karo da gawarsa da littafinsa. Da a ce akwai jirgi na biyu a bayansa, da an san inda ya faɗi tun a wannan daren.

Matuƙan yau suna da abin da Lancaster bai samu ba. Na'urar GPS tana nuna musu inda suke, akwai wayar tauraron ɗan'adam, akwai kuma ƙaramar na'urar neman agaji da ke kunna kanta idan jirgi ya bugi ƙasa, ta aika saƙo ta tauraro. Duk da haka saƙo abu ɗaya ne, isowar ceto kuma wani abu ne daban, a wurin da asibiti mafi kusa yake ɗaruruwan kilomitoci. Jirgin da ke tafe minti biyar a baya shi ne zai fara ganin wanda ya sauka, ya yi shawagi a kansa, ya faɗi ko mutane suna motsi, ya miƙa maganarsa ta rediyo zuwa hasumiyar da muryar na ƙasa ba za ta kai ba.

Ranar ayarin tana farawa tun da asuba, kuma zafi ne ya tilasta haka. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fiffike ba ya samun abin dogaro sosai, farfela ba ta kama iska yadda ya kamata, injin ma ƙarfinsa yana raguwa. Idan zafi ya kai digiri 40, filin da yake daidai da teku yakan zame wa jirgi kamar yana kan tudu mai tsayin mita 900. Jirgin zai daɗe yana gudu kafin ya ɗaga, ya kuma hau sama a hankali. Da rana ta take, yashi ya ɗauki zafi, sai iska ta riƙa tasowa da ƙarfi tana jijjiga ƙaramin jirgi har fasinja ya nemi leda. Shi ya sa ake son a tashi da sanyin safiya. Kafin tashi ana taruwa a ji bayanin yanayi, da hanyar da za a bi, da filin da za a karkata in na gaba ya rufe, da jerin tashi, domin jiragen saurinsu ba ɗaya ba ne kuma ba a son su cunkushe a kan fili lokaci guda.

Sai lissafin nauyi, wanda yake raba mutum da kayan da yake so. Jirgi kamar Cessna 172 kujera huɗu gare shi, yana gudun kamar kilomita 200 a awa, yana shan lita 30 zuwa 35. Dukkan abin da zai iya ɗauka, har da mai, wajen kilo 400 ne. Lita 200 ta mai ta cinye kilo 144. Manyan mutane biyu sun kwashe wajen 160. Abin da ya rage bai kai kilo 100 ba, kuma a ciki za a sa ruwan sha, da rigunan ceto na teku, da kayan gyara, da man inji, da igiyoyin ɗaure jirgi saboda iskar dare. Kowace litar ruwa kilo guda ce, ba a kuma rage ruwa don a sa takalma. Shi ya sa kujerun baya sau da yawa kaya suke ɗauka.

Man ma sai an nema. Manyan jirage kananzir na musamman suke sha, wanda ake samu a kowane babban fili. Yawancin waɗannan ƙanana kuwa wani fetur ne nasu mai launin shuɗi, ana kiransa Avgas, kuma a wurare da yawa na Afirka yana da wuyar samu, ga tsada. Mutum ɗaya ba zai sa a kawo masa durom biyu a tsakiyar hamada cikin sauƙi ba, amma jirage ashirin suna iya yin oda tun watanni kafin tafiya. Haka takardun izinin ratsa sararin kowace ƙasa, da kwastan, da shige da fice. Yammacin Sahara yanki ne da ake jayayya a kansa tun da Sifaniya ta janye bayan 1975, akwai sojoji da wuraren da aka hana ratsawa, don haka ana bin layin da aka shata, ba inda ido ya so ba.

Abokin gaba mafi girma shi ne hazo. Waɗannan matuƙa da ido suke tuƙi, doka kuma tana son su ga nisan kilomita biyar a yawancin wurare. Idan ƙura ta tashi, sama da ƙasa su zama launi ɗaya, mutum ya kasa gane ko jirginsa a miƙe yake ko ya karkata. A bakin teku kuma akwai hazon ruwa da ke kwanciya da safe. A irin wannan rana shugaban tafiya yana cewa a zauna, kowa ya zauna.

Ladan wannan wahala ana ganinsa ta taga. Babban jirgi yana wucewa ne a tsayin kilomita goma ko fiye, fasinja bai ga komai ba sai fari-fari. Daga mita 500 ko 1,000 kuwa ana ganin tuddan yashi masu siffar jinjirin wata suna jere, duk sun fuskanci gefe ɗaya, da duwatsun gaɓa da igiyar ruwa take duka, da sawun raƙuma, da bukkokin masunta. A Dakhla wani siririn tsibiri mai haɗe da tudu ya kewaye ruwa mai launin shuɗi-kore. Kusa da Nuwadibu, mai sa'a yakan hango jirgin ƙasan da ke kawo ƙarfe daga Zouérat, tafiyar kilomita 700, tsawonsa ya fi kilomita biyu. Daga nan sai Banc d'Arguin, inda yashi da ruwa suka sarƙe, miliyoyin tsuntsaye daga Turai da Siberiya suke zuwa cin hunturu, masunta Imraguen kuma har yau da kwale-kwale mai filafilai suke aiki. Matuƙin kirki yana ƙara hawa sama a nan don kada ƙarar injinsa ta tarwatsa su.

Akwai wani abu a wannan gaɓa da bai kamata kyan wuri ya ɓoye ba. Daga Tarfaya zuwa tsibiran Kanari kamar kilomita 100 ne, kuma daga nan da Nuwadibu da gaɓar Senegal ne matasan Afirka ta Yamma suke shiga kwale-kwale su nufi Turai. A 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka isa Kanari ta wannan hanya, waɗanda suka nutse kuma ba a san adadinsu daidai ba. Mai fasfon Turai yana ratsa ƙasa huɗu don nishaɗi, ɗan ƙasar yana sayar da ransa don ya bi hanyar a juye. Ayarin yakan kawo kayan makaranta da na taimako ga garuruwan da yake sauka, abin a yaba ne, sai dai bai kai ya cike wannan tazara ba.

Cikin hamadar ma ya ƙara nisa. Tun da aka soke tseren motoci na Dakar a 2008, bayan kisan wasu Faransawa huɗu kusa da Aleg a Muritaniya, rashin tsaro ya yi ta rufe arewacin Mali da sassan Nijar ga masu yawon buɗe ido. Duwatsun Ayar da Tenere, waɗanda a da baƙi suke tururuwa ta Agadez don gani, yanzu ba kasafai ƙaramin jirgin baƙo yake leƙa su ba. Bakin teku ne ya rage a buɗe.

Zango na ƙarshe shi ne Saint-Louis, wadda 'yan gari suke kira Ndar, tsibiri a bakin Kogin Senegal da gadar Faidherbe ta haɗa shi da tudu. Daga nan Mermoz da abokan aikinsa biyu suka tashi ranar 12 ga Mayu, 1930, suka tsallaka teku zuwa Natal a Brazil cikin awa 21 da kilo 130 na wasiƙu. Otal ɗin da matuƙan wancan zamani suke sauka, Hôtel de la Poste, yana nan yana aiki. Ayarin yakan huta, a duba injuna, a wanke matatun iska da yashi ya toshe, sannan a juya arewa. Komawar takan fi cin lokaci, domin iskar da ta riƙa tura su daga baya a kan hanyar zuwa yanzu a gaba take, kuma sai an sake lissafin man kowane zango daga farko.